Kenata tana yin ƙasa a hawa na biyu: laifin sarewa ne ko na mai busa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kena ta gora, ƙirar Bolibiya, mai farawa daga Sol. Idan na busa sautukan ƙasa, manhajar waya tana nuna daidai suke. Amma da na ƙara iska na hau ninkinsu sai su kasa kaiwa, musamman Re, Mi da Fa#, wani lokaci da sent 30 har 40. Laifin sarewar ne ko nawa? In faɗaɗa ƙofofin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye magagarin nan tukuna. Goran da ka kankare ba ya dawowa, kuma irin yadda ka kwatanta matsalar, ƙofofi su ne na uku a jerin abin zargi. Na farko leɓenka, na biyu siffar cikin bututun.

Ga mai karatun da bai san ta ba, kena sarewa ce ta mutanen tsaunukan Andes, wato Peru, Bolibiya, Ekwado da arewacin Chile da Ajantina. Bututu ne buɗaɗɗe sama da ƙasa, ƙofofi shida a gaba, ɗaya a baya ta babban yatsa. Ba a ƙera mata bakin da zai saita iska ba. Giɓi kawai ake yankawa a gefen bakinta, mai siffar U ko V, mai busa ya toshe ragowar bakin da naman da ke tsakanin leɓen ƙasa da haɓa, ya harba iska kan kaifin giɓin. Irin taka takan kai santimita 37 zuwa 40, faɗin cikinta milimita 17 zuwa 19. Sol, La, Re, Mi da Fa# sunayen sautukan kiɗa ne. Idan an rufe duk ƙofofi tana ba da Sol, wanda manhaja ke nunawa da harafin G, mai kaɗawa 392 a daƙiƙa. Ninkinsa 784 ne, shi ne Sol na hawa na biyu. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce oktaf, an kuma kasa ta sent 1200.

Bari mu ɗan yi lissafi, domin amsar tana cikinsa. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne. Buɗaɗɗen bututun da zai ba da 392 sai ya kai kusan santimita 43.7. Amma gorar da ke hannunka 38 ce ko makamancin haka. Ina sauran biyar zuwa shida? Suna wajen gora. Iskar da ke kaɗawa ba ta tsayawa daidai bakin bututu, tana ɗan leƙawa waje, kuma duk inda mafitarta ta ƙuntata sai bututun ya zama kamar an ƙara masa tsawo. Ƙaramin kaso na wannan ƙari yana gindi, mafi yawansa yana wurin giɓi, inda leɓenka ya rufe kusan duk bakin ya bar 'yar taga. Ke nan santimita uku zuwa huɗu na tsawon sarewar a bakinka suke, ba a hannun maƙeri ba.

To, a kan Sol, ƙarin milimita ɗaya a tsawo yana saukar da sauti da kusan sent 4. A kan Fa#, inda iskar da ke aiki ba ta wuce santimita 23 ba, milimita ɗayan nan sent 7 zuwa 8 ne. Idan lokacin hawa sama ka sunkuyar da kai ko ka turo leɓe ka ƙara rufe giɓin, har tsawon ya ƙaru da milimita huɗu, Sol zai sauka da sent 16, Fa# da 30. Ka duba, daidai siffar matsalarka ke nan: ƙasa-ƙasa da sauƙi, Re, Mi da Fa# su fi lalacewa. Kuma ba sai leɓe ya yi tafiyar milimita huɗu ba. Tagar ƙarama ce, motsi kaɗan ya isa.

Kafin komai sai a yi awo na gaskiya. Ka busa minti biyar zuwa goma sarewar ta ɗumama. Ka tabbata manhajar tana kan 440, wato ma'aunin da sautin La yake kaɗawa 440 a daƙiƙa, don wasu suna zuwa a 442, bambancin sent 8 ke nan. Kada ka busa kana kallon allurar manhajar, domin bakinka zai riƙa bin ta ba da saninka ba, sai ka auna dabararka maimakon sarewar. Ka rufe ido, ka busa sauti da matsakaicin ƙarfi, ya zauna kamar daƙiƙa uku, sannan ka buɗe ka rubuta. Mafi kyau ma wani ya riƙe wayar ya rubuta maka. Kowane sauti ka yi shi a ƙasa, ba tare da ka motsa yatsu ko ka ɗaga sarewar daga haɓa ba ka hau ninkinsa. Ka maimaita sau uku a rana biyu daban. Lambar da ta dame mu ita ce ratar da ke tsakanin biyun. Idan Re na ƙasa ya haura da 10, na sama ya gaza da 15, oktaf ɗin ya ƙuntata da 25. Idan dukansu sun gaza da 20, oktaf lafiyarsa lau, ƙofar ce ke neman gyara, wannan kuwa aiki ne mai sauƙi.

Sai gwaji na biyu. Ka rufe duk ƙofofi ka hau matakan da bututun ke bayarwa da kansa ta ƙarin iska kawai: Sol 392, Sol 784, Re 1176, Sol 1568. Nan ƙofofi ba su da hannu, don haka abin da ka gani na bututu ne da giɓi da leɓe. In da hali ka ba wani gwanin busa ita. Idan ta daidaita a bakinsa an gama magana.

A nawa ganin, ratar da ba ta kai sent 10 ba a ƙyale ta, ko sarewar ƙwararru tana da ita. Daga 10 zuwa 20 aikin baki ne, duk mai busa kena yana gyara irin wannan yana cikin kiɗa. Sai ta wuce 25 a kullum, a bakin mutum fiye da ɗaya, sannan a taɓa gora.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ka yi wa kanka: wace irin kena ce? A karkarar Aymara da Kecuwa, ƙabilun asali na Andes, sarewu masu giɓi irin su kena-kena, cokela da pusipiya ba ɗai-ɗai ake ƙera su ba. Tarin su ake yi wa ƙungiya guda, manya da ƙanana, a daidaita su da juna, a busa su tare da ganga a filin biki. Ƙauyen Walata Grande da ke kusa da tafkin Titikaka a Bolibiya ya yi suna da wannan sana'a. Ƙofofinsu sukan zo kusan girma ɗaya da tazara ɗaya, ba ruwansu da 440, kuma kaɗawar da ake ji idan sarewa biyu sun ɗan saɓa abin so ce a wurinsu. Kenar da ke bin ma'aunin fiyano ta yaɗu ne tun wajen shekarun 1950 da 1960, da aka shiga haɗa ta da jita da carango (wata 'yar ƙaramar jita ta Andes) a La Paz, Buenos Aires da Paris. Idan taka mai ƙananan ƙofofi ce masu girma ɗaya, to ba lalacewa ta yi ba, an yi ta ne don wani kiɗa daban, kuma ban ba ka shawarar kankare ta ba. Ka nemi ta zamani, wadda za ka gane ta da manyan ƙofofi masu bambancin girma. Waɗanda ake yi wa fenti don masu yawon buɗe ido kuwa, da yawansu adon bango ne.

Mu koma kan leɓe. Hawa oktaf yana bukatar iskar da ke fita daga bakinka ta isa kaifin giɓi cikin rabin lokacin da take ɗauka a ƙasa. Hanya biyu ce: ka ƙara mata gudu, ko ka rage nisan da ke tsakanin leɓe da kaifin. Idan gudu kaɗai za ka ƙara, sai ka ninka shi, wato matsin iska ninki huɗu, sautin ya fito da ƙara da huci, sau da yawa ya zarce sama. Idan nisa kaɗai za ka rage, sai ka rufe giɓin, sautin ya fito siriri ya yi ƙasa. Masu koyo kashi biyu ne, masu hura da ƙarfi da masu sunkuyawa, kai da alama kana cikin na biyu. Abin da ake so shi ne ka ƙanƙantar da 'yar ƙofar da ke tsakanin leɓunanka iska ta yi gudu ba tare da ta yi yawa ba, ka tallafe ta daga ciki, ka ɗan turo tsakiyar leɓuna gaba, amma kai ya tsaya a miƙe, kusurwar sarewar kada ta canja. Ka tsaya gaban madubi ka lura da yawan giɓin da ake gani a Sol na ƙasa. Idan ka hau sama ya ɓace, ka kama ɓarawon.

Akwai kuma akasin haka da mutane ba su cika lura ba. Wani ba hawa na biyunsa ne ya yi ƙasa ba, na farkon ne ya tura sama, domin yana buɗe giɓin sosai yana neman kaurin murya. Maƙeri da bakinsa ya daidaita sarewar, a inda shi yake ɗora ta. Ka gwada ɗora ta ɗan sama ko ɗan ƙasa a haɓarka, milimita ɗaya ko biyu, ka nemo wurin da Sol biyun suka fi kusantar juna. Sau da yawa nan ne mazaunin da aka yi ta a kai. Ka kunna sautin Sol ko Re mai tsayi a waya ka riƙa hawa da sauka a kansa kana sauraron kaɗawar saɓani har ta lafa. Kunne ya fi allura saurin koya wa baki. Ka ba wannan mako biyu zuwa uku.

Idan bayan haka ratar tana nan, mu shiga cikin bututun. Bututun da faɗinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa ɗabi'arsa ce ya ba da hawa na biyu a ƙuntace, kuma ba kena kaɗai ke fama da wannan ba. Tsofaffin sarewun Turai ana tsuke su ne zuwa gindi. Theobald Boehm, maƙerin sarewa na Munich a Jamus, a 1847, ya miƙar da jikin tasa ya tsuke kan, daga milimita 19 zuwa wajen 17. Masu ƙera shakuhaci, sarewar gora ta Japan, suna shafa wani kwaɓi a ciki har su sami siffar da suke so. Ita kena tana dogara ne da yadda gora ta tsiro, shi ya sa maƙerin kirki yake zubar da gora da yawa kafin ya zaɓi ɗaya.

Ƙa'idar ita ce: tsuke bututu a inda iska ta fi kai-komo yana saukar da sauti, tsuke shi a inda matsi ya fi taruwa yana ɗaga shi, faɗaɗawa kuma akasin haka. A hawa na farko matsin yana tsakiyar bututu. A na biyu yana a rubu'i na farko da na uku, tsakiyar kuma ta koma wurin kai-komo. Da yake wuraren sun bambanta, ana iya taɓa ɗaya a bar ɗaya. Idan an tsuke santimita biyar zuwa shida na farko a ƙarƙashin baki, hawa na biyu yana ɗaguwa idan an gwada shi da na farko, a kusan dukkan sautuka. Idan an faɗaɗa wajen santimita 10 zuwa 12 daga baki, sakamakon kusan ɗaya ne. Gorar da bakinta ya buɗe kamar ƙaho, ko wadda aka juya ta faɗin ya koma gindi, ita ce ke ba da irin matsalarka.

Ka leƙa ciki da tocila. Ka nemi ragowar gaɓa da ba a share ba, ko tudu, ko zaren gora da ya tashi. Ka auna faɗin ciki a baki da a gindi. Idan ya kai milimita 20 ko fiye a kenar Sol, za ta yi murya mai kauri a ƙasa amma sama sai da kokawa, wannan halittarta ce.

Gwajin da ba ya ɓata komai da kakin zuma ake yin sa. Ka murza kaki ya yi laushi, ka yi ɗan falle mai faɗin milimita 10 zuwa 12 da tsawon santimita biyar, kaurinsa milimita ɗaya da rabi a gefe guda, ya siranta har ya ƙare a ɗayan. Ka manna shi a bangon ciki na baya, wanda ke fuskantar giɓi, mai kaurin yana sama dab da baki. Ka lallaɓe gefunansa da ɗan yatsa ko bayan fensir kada ya bar tudu. Ka sake awo. Abin da za ka gani: sautukan ƙasa sun ɗan sauka, na sama sun tsaya ko sun ɗan hau, rata ta ragu. Idan bai isa ba ka ƙara kauri da rabin milimita. Idan ya zarce ka rage. Ba kyauta ba ne, murya tana ɗan raguwa, sarewar gaba ɗaya tana iya sauka da 'yan sent. Idan ya yi maka, kana iya barin kakin haka, ko ka sassaƙa irinsa da siririyar gora ka manna. A ƙasa mai zafi na biyun ya fi, don kaki yana laushi ya zame. Faɗaɗa tsakiya da samfefa naɗe a sanda ma yana aiki, amma ba ya komawa, kuma yana taɓa sautukan hawa na uku ta hanyar da ke da wuyar hasashe. Wannan na maƙera ne.

Gindi kuwa, akasarin kena ana barin gaɓar gora a can a huda ta da ƙofar da ba ta kai faɗin bututu ba. Ana yawan cewa wannan ƙofa ce ke gyara oktaf. Tasirinta a kan rata kaɗan ne. Faɗaɗa ta yana ɗaga Sol biyun kusan tare, ya ɗan taɓa La. Idan Sol kaɗai ke da ƙuntataccen oktaf, fallen kaki a santimita shida zuwa takwas na ƙarshe ya fi amfani, sannan a ɗan buɗe ƙofar gindin don a mayar da abin da ya sauka.

Yanzu ƙofofin da ka tambaya. Buɗaɗɗiyar ƙofa ba ta yanke bututu ƙat. Wani ɓangare na kaɗawar yana wuce ta ya gangara ƙasa, kuma gwargwadon hawan sauti gwargwadon yawan abin da ke wucewa. Ƙaramar ƙofa a gora mai kauri ta fi barin sa ya wuce, don haka a hawa na biyu bututun yana zama kamar ya fi tsawo, sautin ya yi ƙasa. Dalilin da ya sa kenar zamani take da manyan ƙofofi ke nan, milimita 9 zuwa 12. Ana iya samun sauti guda a hawa na farko da ƙaramar ƙofa a sama ko babbar ƙofa a ƙasa, amma babbar ce za ta ba da oktaf mai kyau. Saboda haka gyaran shi ne ƙofa ta girma kuma ta matsa ƙasa a lokaci guda: ka goge gefenta na ɓangaren gindi, ka cike gefenta na ɓangaren baki da ɗan kaki. Gogewar tana ɗaga duka biyun, na sama ya fi ɗaguwa, kakin kuma ya mayar da na ƙasa mazauninsa. Idan ka faɗaɗa ta ko'ina ba tare da cikewa ba, Re na sama zai daidaita, na ƙasa ya haura, ka gyara ɗaya ka ɓata ɗaya.

Ka yi aikin da siririn magagari mai zagaye ko samfefa mai laushi, lamba 220 zuwa 400, naɗe a fensir. Milimita 0.2 zuwa 0.3 a kowane zagaye, ka busa ƙurar waje, ka ɗumama, ka auna. Ka fara daga ƙofar ƙasa ka hau, domin buɗe ta ƙasa yana ɗan ɗaga sautukan da ke samanta, in ka fara daga sama sai ka sake aiki. Idan ƙofa ta kai girman da yatsanka ba zai ƙara rufewa ba, ka karkata magagarin ka goge ta ciki, waje ya tsaya yadda yake. Ka tsaya da sauran sent 5 kafin ka kai, ka bar ta ta kwana, gobe ka sake aunawa, don bakin da ya gaji ƙarya yake yi. Wanda tasa ke haurawa a hawa na biyu a kan sauti ɗaya ko biyu sai ya juya aikin, ya sa kaki a gefen ƙasa na ƙofar.

Giɓi shi ne na ƙarshen taɓawa, in ma za a taɓa. Zurfafa shi yana ɗaga dukkan sautuka, Mi da Fa# fiye da Sol, yana kuma canja murya da yawan iskar da take ci. Rabin milimita a nan babban abu ne, kuma giɓin da ya karkace ba shi da magani sai yanke baki, wanda ke rushe lissafin ƙofofi duka.

Zafi ba ya ɓata oktaf. Yana ɗaga komai tare, kusan sent 3 a kowane digiri ɗaya na zafin iskar da ke cikin bututu. Kenar da aka daidaita a sanyin La Paz, mai tsayin kusan mita 3,600, za ta ɗan haura a garin da ke da zafi. Ba tsayin dutsen ne ya jawo ba, gudun sauti da zafi yake tafiya. Abin da ke iya ruɗa awo shi ne yoyo. Idan kana inda hunturu ke busar da komai, gora tana tsagewa, sau da yawa tsaga siririya kamar gashi daga baki ko daga ƙofar babban yatsa. Alamarta Sol da La na ƙasa su yi rauni, su riƙa tsalle sama da kansu. Ka liƙe ƙofofi da salatif, ka toshe gindi, ka sa tocila ciki a ɗaki mai duhu, ko ka rufe bakin da giɓin duka a cikin bakinka ka zuƙa ka ji ko tana riƙe iska. In ka samu tsaga, ka ɗiga mata sufa gulu mai ruwa-ruwa, ka ɗaure wurin da zaren nailan tam. Ka kuma duba babban yatsanka, yana yawan zamewa idan mutum ya ɗaure jiki zai hau sama.

Sol na tsakiya yana da hanya biyu: buɗe ƙofar babban yatsa, ko rufe duka a ƙara iska. Idan sun saɓa, ka amince da na rufe duka, ka gyara ƙofar bayan ta bi shi, da kaki in ta haura, da 'yar goga in ta gaza. Kafin ka goge, ka gwada rufe ƙofa ta biyu daga sama yayin da ta baya take buɗe, don kena da yawa da wannan riƙo aka daidaita su, kuma maƙera sun sha bamban a kansa. Hawa na uku, daga Sol 1568 zuwa sama, da gauraye riƙon yatsu ake samun sa, kowace kena da nata. Kada ka kankare komai saboda shi. Ka zauna da manhaja ka gwada rufe ƙofa ɗaya ko biyu daga ƙasa a kan kowane sauti, ka rubuta riƙon da ya dace da taka.